Karena ya daina cin abinci sai da nama, wane nama ya kamata in tsaya a kai?

"Assalamu alaikum likita. Ni a Tahoua nike, ina da kare namiji irin na Azawak wanda wani ɗan'uwana ya kawo mini daga wajen Abalak tun shina ƙarami, yanzu shekarashi biyu. Da can duk abin da anka rage a gida shina ci, tuwo ne ko shinkafa, amma tun bayan sallar layya in ba da nama ba sai shi shinshina shi juya baya. Na sa an sayo mini buhun kuroket, busasshen abincin kare na kanti, daga Yamai, ya ci kwana biyu ya bari. Ga haƙarƙarinshi duk a waje. Wani ya ce mini kaza na sa kare ƙaiƙayi, wani ya ce kifi ya fi, wani kuma ya ce in riƙa ba shi ɗanyen kayan ciki daga kwata. Don Allah wane nama ya kamata in riƙa ba shi, kuma ƙaƙa zan yi shi koma cin abinci kamar da?"

Wa alaikumus salam malam, Allah ya saka maka da alheri da ka damu da dabbar nan har ka rubuto, don da yawa sai kare ya kwanta ya kasa tashi sannan ake neman mu. In na fahimce ka da kyau tambaya biyu ce ka haɗa wuri guda, ta farko me ya sa karen da a da yake cinye komai yanzu yake zaɓe, ta biyu kuma wane nama ko wane abin gina jiki za ka tsaya a kai. Tun yanzu bari in gaya maka inda na dosa. A aikina na duba dabbobi a nan Yamai, mafi yawan karnukan da ake kawo mini ana cewa suna zaɓen abinci ɗayan biyu ne, ko dai akwai ciwon da ke cinsu a ɓoye ko kuwa mutanen gida ne suka koya musu jira ba da saninsu ba, kuma a duka biyun tsalle daga naman sa zuwa kaza zuwa kifi ba ya gyara komai, ƙara ɓata lamarin ma yake yi. Zaɓen nama na da muhimmanci, za mu zo kansa, amma shi ne na ƙarshe a layi.

Haƙarƙarin da kake gani

Ka fara kwantar da hankalinka a kan wannan. Karen Azawak haka Allah ya halicce shi, dogon ƙafa, shafaffen ciki, fata siririya, babu kitse a ƙarƙashinta. Namiji babba tsayinsa kan kai santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa amma nauyinsa kilo 20 zuwa 25 ne kacal, kuma ko a wurin masu kiwonsa a Turai ana son a ga alamar haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Na sha ganin mutane sun ɗora irin karen nan kusa da karen Jamus na maƙwabci suna cewa nasu ya rame, su dinga ɗura masa kitse, alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da za ka duba shi ne cinya da kafaɗa da gefen ƙashin baya, in naman wurin a cike yake da tauri, gashi na sheƙi, yana gudu yana haushi da dare kamar yadda ya saba, to ba rama ba ce. In kuwa cinyar ta zube, saman kai ya lotsa ta gefe biyu, ƙashin baya ya fito ɗaiɗai ana ƙirgawa, wannan kam rama ce ta gaske. Abu mafi sauƙi ka auna shi, ka hau sikeli kai kaɗai sannan ka hau ɗauke da shi ka cire, ka rubuta, bayan sati biyu ka sake. Kare da ke "ƙin abinci" amma nauyinsa bai motsa ba yana samun ci a wani wuri, wannan ba shakka.

A fara cire ciwo daga lissafi

Ka ce abin ya fara ne bayan layya, kuma a shekarun nan layya tana faɗowa ne ƙarshen zafi farkon damina, daidai lokacin da kaska ke yawa. Wannan ya sa ba zan yarda in ce maka yanga ce kawai ba sai ka duba wasu abubuwa. Kaskar kare, ƴar ja-ja ɗin nan da ke maƙalewa a kunne da tsakanin yatsu tana ɓuya a tsagar bango, tana ɗauke da cututtukan jini guda biyu da muke fama da su sosai a ƙasar nan, ɗaya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini ɗaya kuma tana rage waɗanda ke tsai da jini, kuma alamar farko a dukansu ita ce kare ya rage ci. Ba ya dainawa gaba ɗaya fa, sai ya riƙa tsince nama yana barin tuwo, shi ya sa mai shi ke ɗauka zaɓe ne. Ka ɗaga leɓensa ka kalli dasashi da rana, lafiyayye jaja-jaja ne mai danshi, in ka danna da yatsa ya yi fari ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In ka gan shi fari fat, ko ruwan ɗorawa, ko da ɗigo-ɗigon jini, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi mai kauri, ko ya taɓa haɓo, kar ka tsaya batun abinci, ka kai shi wajen ma'aikatan kiwo ko likitan dabbobi ranar. Zafin jikin kare na daidai daga 38 ne zuwa 39 da ɗan abu, in ya wuce 39,5 yana kwance a inuwa zazzaɓi ne. Maganin waɗannan cututtuka akwai shi, ɗaya allura ce ɗaya ƙwaya ce da ake sha har kwana 28, amma likita ne zai auna masa gwargwadon nauyinsa, kuma don Allah kar a ba shi parasetamol ko ibuprofen na mutane, suna ɓata hanta da ƙoda da cikin kare.

Tunda bakin na buɗe ka leƙa sama, can rufin baki tsakanin haƙoran baya. Bayan kowace layya ana kawo mini kare yana dalalar da miyau, bakin na wari, yana zuwa wurin kwano da ɗoki ya ɗauki loma ya saki, in an buɗe sai a tarar da guntun ƙashin haƙarƙarin rago ya gitta ya maƙale a can, naman wurin har ya fara ruɓewa. Ana cirewa da ɗan abin kamu, washegari ka gan shi yana ci kamar ba shi ba. Karyayyen haƙori ma haka, kare zai zaɓi abu mai laushi ya ƙi kuroket saboda taunawa na masa zafi. Sai tsutsar ciki, in ka wuce wata uku ba ka ba shi maganinta ba ka ba shi. Sai kuma kitsen layya kansa, wanda ake soya nama a ciki a zuba wa kare ragowar a kan tuwo, yana iya kumbura wata ƴar tsoka da ke jikin tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, karen ya yi amai, ya riƙa ɗage baya yana kwantar da ƙirji a ƙasa don ciwon ciki, kuma ko ya warke yakan jima yana tsoron kwano.

Akwai kuma dalilan da ba ciwo ba. Zafin watan Afrilu da Mayu a Tahoua ko Yamai, da ake wuce 40, kowane kare yana rage ci, jikinsa ba ya bukatar abinci da yawa tunda kwance yake wuni yana haki. Namiji ɗan shekara biyu kuma in akwai karya da ke neman barbara a kartiye yana iya yin kwanaki hankalinsa na bakin ƙofa, abinci bai dame shi ba. Kuma kare da ya gama girma ba ya ci kamar lokacin da yake kwikwiyo, mutane kan manta da wannan, su ci gaba da cika kwano kamar da.

Daga nan ba zan iya gane maka wanne ne a ciki ba, sai an taɓa dabba an auna zafinta, wani lokaci an ɗibi jini. Amma ƙa'idar da nake ba kowa ita ce babban kare da ya yi kwana biyu cur bai sa komai a baki ba, ko kwana ɗaya in akwai amai ko gudawa ko kasala, a kai shi. Kwikwiyo ba a jira da shi ko wuni guda. In kuma ya canza hali, yana cizon abin da bai saba ba, ya kasa haɗiya, muƙamuƙi ya saki, kar ka sa hannu a bakinsa ko kaɗan, a tsare shi a kira ma'aikata, don ciwon haukan kare na nan a ƙasarmu, allurar rigakafinsa kuma kar ta wuce ka.

In lafiyarsa ƙalau, to koya masa aka yi

Yanzu a ce ka duba komai lafiya. Ka tuna yadda layya take a gidajenmu, an gasa raguna, washegari an soya, an cika kwanoni da roba, sati da sati kowa ya bi ta tsakar gida da tsoka a hannu, yara na jefa masa, uwargida ta zuba masa romo, mai gadi ya ba shi ƙashi. Da naman ya ƙare aka mayar masa da tuwo, ya shinshina ya koma gefe, wani ya tausaya ya nemo masa ɗan abu aka ɗora a kai, ya ci. To a ranar ya gane cewa juya baya na kawo nama. Kamar yaron da ya ƙi tuwo aka saya masa biskit ne, gobe ma zai ƙi, kuma ba shi da laifi, sabo ne turken wawa. Kuroket ɗin da ya ci kwana biyu ya bari ma labarin ɗaya ne, sabon abu ya ja shi, da ɗokin ya wuce ya koma jira ya ga me za a kawo kuma.

Kare da hanci yake cin abinci. Ƙwayoyin ɗanɗano a harshensa wajen 1.700 ne, na mutum kusan 9.000, amma jin warinsa ya ninka namu nesa ba kusa ba, shi ya sa abin da ke jan shi ƙamshin kitse ne da ɗumin abinci. Wannan ma ya shafi kuroket ɗinka, kitsen da aka shafe shi da shi yana tsami da zafi, buhun da ya jima a shago, ya sha rana a saman mota daga Yamai zuwa Tahoua, aka buɗe aka bar bakinsa a sake a cikin ɗakin kwano, kai ba za ka ji komai ba amma shi ya ji. Ka duba ranar lalacewa, ka sa hanci a ciki, in akwai warin tsohon mai a zubar. Mai kyau kuma a ɗaure bakinsa a sa a bokiti mai marfi a wuri mai sanyi, a cinye cikin wata guda ko ɗan fiye, don haka ƙaramin buhu ya fi maka babba.

Gyaran ba wuya sai dai yana son haƙuri da haɗin kan gida duka. Sau biyu a yini, da sassafe kafin rana ta yi zafi da kuma bayan magariba, ka ajiye kwano a wuri guda mai inuwa inda yara ba sa damunsa, ka tafi abinka, kar ka tsaya kansa kana lallashi. Bayan minti 15 zuwa 20 ka ɗauke ko ya ci ko bai ci ba, babu komai kuma sai lokaci na gaba, ruwa kawai, mai sanyi mai yawa, kare mai kilo 20 na shan lita ɗaya ko fiye a yini, da zafi ya ninka. Lafiyayyen babban kare ba ya kashe kansa da yunwa ga abinci a gabansa, yawanci kwana biyu zuwa uku sun sauko. Inda abin ke lalacewa shi ne mutum ɗaya a gidan da zuciyarsa ba ta jurewa ya riƙa ba shi a ɓoye, don haka ka tara iyali ka yi musu bayani, har da mai gadi da almajirin gida. Ka duba kuma ko yana fita, don karen da ke zagaya bola ko wurin masu tsire da dare ya dawo a ƙoshe ne. Wannan hanya ta babban kare lafiyayye ce kawai, ban ce a yi ta ga kwikwiyo ko karya mai ciki ko mai shayarwa ko tsoho mara lafiya ba.

To wane nama?

Jikin kare ba ya tambayar sunan dabba, abin da yake nema furotin ne mai narkewa a ciki da isasshen yawa. Ma'aunin da masu haɗa abincin karnuka a Amurka ke bi shi ne kashi 18 cikin 100 na busasshen abinci ga babba, kashi 22,5 ga kwikwiyo da mai ciki, wannan shi ne mafi ƙaranci. In aka juya shi ga kare irin naka mai kilo 20 zai kama giram 45 zuwa 50 na furotin a yini. Dafaffen nama giram 100 na da wajen giram 25, ƙwai ɗaya na da 6. Ka ga ke nan ba sai ka yanka masa akuya ba, giram 150 zuwa 200 na nama da ƙwai ɗaya da ɗan wake a cikin tuwonsa sun kai shi har da ƙari. Shi ya sa shawarata kullum ita ce ka zaɓi wanda aljihunka zai iya kowace rana shekara duka kuma kana samunsa sabo kusa da kai, ba wanda za ka yi sati guda kana saya ka gaji ba.

A Tahoua, in ni ne, zan tsaya a kan naman sa ko na akuya, ɓangarorin da ba su da tsada. Ka yi magana da mahauci guda ya riƙa ajiye maka zuciya da tumbi da naman kai da guntattakin da ake gyarewa. Zuciya tsoka ce zalla, ta fi komai dacewa. Tumbi karnuka na son warinsa ƙwarai, na sha amfani da shi wajen jawo wanda ya daɗe bai ci ba. Huhu ba shi da nauyi a ciki amma ba laifi a haɗa. Hanta tana da amfani sosai sai dai kaɗan ake sawa, kamar kashi 5 cikin 100 na abincin, ɗan yanki sau biyu a sati, don yawanta na kawo gudawa kuma bitamin A ɗin cikinta in ya taru yana illa ga ƙashi. Naman raƙumi in kana samu mai kyau ne, ba kitse. Na rago ya fi kitse, a yanke farin a yar.

Wanda ya ce ka ba shi ɗanyen kayan ciki daga kwata, wannan kam ina roƙonka kar ka bi. Ka taɓa ganin hanta ko huhun rago ko na raƙumi da wasu ƙululu masu ruwa a ciki, mahauci ya yanke wurin ya jefa wa karnukan da ke jira a gefe? Cikin ruwan nan ƴaƴan wata tsutsa ce, in kare ya ci sai su girma a hanjinsa, shi ba ya nuna komai, amma ƙwanta na fita a kashinsa ya manne a gashinsa, yaro ya shafa shi ya ci abinci bai wanke hannu ba, bayan shekaru a ga ƙulli mai ruwa a hantarsa ko huhunsa wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Wannan abin ya fi damuna fiye da duk batun zaɓen abinci, saboda ƴaƴanka ne a ciki. Duk wurin da ke da ƙulli a ƙone ko a binne da zurfi, sauran kuma a tafasa har ciki ya dahu. Da zafinmu da yadda ake ɗauke wuta firigo ya saki, ɗanyen nama ba abin wasa ba ne ko ba tsutsa.

Batun kaza na sa ƙaiƙayi, akwai ɗan gaskiya a ciki amma an faɗaɗa. Wasu karnuka ƙalilan jikinsu ba ya karɓar wani furotin, su yi ta susa, kunne na ruwa, suna lasar ƙafa, wani lokaci da gudawa. Wani nazari da aka fitar a 2016 da ya tattara irin waɗannan karnuka ya nuna naman sa ne kan gaba, sai madara, sannan kaza, sannan alkama, wato abin da aka fi ba su ne dai, ba wai kaza na da wani mugun abu ba. Kuma a nan wurinmu kare goma da ke susa, kusan dukansu ƙuma ce ko kaska ko ƙazwa, sai an kawar da su ake zargin abinci. In an zo zargin, gwajin shi ne a ɗora shi a kan nama ɗaya da bai taɓa ci ba, misali raƙumi ko zomo, da shinkafa kawai, sati 8 ba ɗanɗanen komai, in susa ta tafi a dawo da tsohon a ga ko za ta dawo. Karenka ba ka ce yana susa ba, to kaza halal ce gare shi, ƙundu da zuciya da wuya duk suna da kyau, a dafa a cire ƙashi, don dafaffen ƙashin kaza ko na zabo tsagewa yake kamar allura.

Kifi abinci ne mai kyau, man cikinsa na gyara fata da gashi, tarwaɗa ko karfasa, a dafa a tsince ƙaya da hannu. Kar a ba shi ɗanye, wasu kifayen ruwan daɗi na da wani sinadari da ke lalata bitamin B1, dahuwa ke kashe shi. Busasshen kifi da banda a jiƙa a wanke sosai saboda gishiri da ƙura, in kuma yana warin maganin ƙwari a bar shi. Sardin na gwangwani ɗaya ko biyu a sati, a tsiyaye man, ya isa. Ƙwai kuwa shi ne na fi yaba wa mai ƙaramin ƙarfi, furotinsa na narkewa sosai, kuma da damina ƙwan zabi na araha, a dafa shi dai.

Na tsiro ma suna taimakawa amma ba su tsayawa su kaɗai. Wake na da furotin wajen kashi 23 cikin 100 kuma Allah ya hore mana shi a Nijar, a jiƙa a dafa ya yi luguf a murƙushe, a fara da cokali biyu don yana kumbura ciki. Awara ba yaji ba laifi. Ƙuliƙuli da tunkuza ina jin tsoronsu, gyaɗar da ta yi fumfuna na da gubar da ke kashe hantar kare da sauri, kuma ba a ganinta da ido, haka ma dusa ko masarar da ta jiƙe a ajiya. Fara tana da furotin mai yawa, in za ka ba shi ka ɗiba kafin a sa yaji da gishiri, kuma ka san inda aka kamo ta ba wurin da aka yi feshi ba. Nono mai tsami da cuku, karen Azawak da su da hatsi ya tashi a wurin makiyaya, yawancinsu na ɗauka lafiya, ɗanyar madara ce ke sa wasu gudawa.

Yadda zan haɗa masa kwano

Tukunyarsa daban da ta gida, wannan dole ne, kuma dalilin albasa ne. Ku a Tahoua, ƙasar albasar Galmi, ba miyar da ba ta sha albasa ba, ita kuwa tana fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko dafaffiya ko busasshiya, albasa ɗaya madaidaiciya ta isa ta taɓa kare mai kilo 20, kaɗan-kaɗan kullum ma yana taruwa. Tafarnuwa ƴar'uwarta ce. Magi da barkono da kilishi da ragowar tsire mai yaji duk a raba shi da su, haka cakulan da inabi. Tuwon kansa ba laifi, miyar ce matsalar.

A tafasa naman da ruwa kawai, a yayyanka ƙanana sosai ko a daka, a dama shi cikin tuwon hatsi ko shinkafa da romon yadda ba zai iya tsince tsoka ya bar sauran ba, wannan dabarar ita kaɗai tana warware rabin matsalarka. Kamar kashi ɗaya cikin uku nama ko ƙwai ko kifi, wajen rabi tuwo ko shinkafa, sauran kabewa ko karoti ko dankali dafaffe, da cokali ɗaya na mai. A ba shi da ɗan ɗumi. Abin da kusan kowa ke mantawa shi ne sinadarin ƙashi, nama da hatsi ba su da isasshensa, kwikwiyon da aka raina a kan nama zalla ƙafafunsa ke lanƙwashewa har su karye ba dalili. Ɓawon ƙwai na magance wannan, a wanke a shanya a daka ya yi gari lukui, rabin ƙaramin cokali ko ɗan fiye a yini ga kare irin naka. Abincin gida ba zai kai kuroket mai kyau daidaito ba ta wajen ƙananan sinadarai, shi ya sa hanta da kifi da ƙwai ke shigowa cikin sati, kuma in buhun naka bai lalace ba ka riƙa jiƙa hannu guda da romo mai ɗumi kana haɗawa a ciki. In za ka sake saya, ka karanta jerin kayan da ke baya, ka nemi wanda aka ambaci sunan naman a farko kuma aka rubuta cikakken abinci ne.

Duk canjin da za ka yi daga baya, daga sa zuwa kifi ko daga na gida zuwa kuroket, a yi shi cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara sabon kaɗan-kaɗan ana rage tsohon, kana kallon kashinsa, in ya ɗaure ba wari mai tsanani to cikinsa ya karɓa. Ka fara da duba dasashi da baki da kaska yau ɗin nan, ka auna nauyinsa, gobe da safe a soma tsarin kwano. In sati biyu sun cika nauyin ya ragu ko har yanzu ba ya cinye rabin abin da aka zuba, ka kai shi ofishin kiwo na Tahoua a ɗibi jininsa, ka kuma tafi da takardar allurarsa in kana da ita.